Shara ba ta fi ƙarfin ƙaramin gari ba

A mafi yawan ma'aikatun magajin gari na ƙasar nan, in zaman kasafin kuɗi ya kai kan maganar shara, amsa guda ake ji: babu mota, babu mai, babu kuɗin gyara. Daga nan sai a rubuta takarda zuwa Yamai ko zuwa wata ƙasa abokiyar arziki, a zauna jiran babbar motar kwasar shara. Kafin motar ta iso, juji ya cinye rabin hanya, magudanun ruwa sun toshe, damana ta zo ta tarar da gari a haka. Wannan tunani na cewa tsabtar gari sai da mota ya kamata a sake duba shi, domin akwai garin da ya yi suna a duniya a kan sha'anin shara alhali ba shi da motar da ke bi gida gida tana kwasa.

Sunan garin Kamikatsu, yana cikin jahar Tokushima, a tsibirin Shikoku na ƙasar Japan. Gari ne na tsaunuka da kurmi, gidajensa a warwatse cikin ƙauyuka sama da hamsin. A shekara ta 1955 mutanensa sun haura 6,000, amma a shekara ta 2020 ba su kai 1,500 ba, kuma fiye da rabinsu tsofaffi ne, saboda samari sun tafi birane neman aiki. Majalisar gari irin wannan ba ta da masu biyan lanho da yawa. A ma'aunin Japan, talakar hukuma ce.

Har zuwa shekarun 1990, mutanen Kamikatsu a rami suke zuba shararsu su cinna mata wuta a fili, kamar yadda ake yi a bayan gari a nan. A shekara ta 1998 majalisar ta sayo ƙananan injinan ƙona shara guda biyu. Ba su cika shekara uku suna aiki ba aka rufe su. Dalili shi ne a 1999 gomnatin Japan ta kafa doka mai tsanani a kan wata guba da ake kira diyoksin, wadda ke fita cikin hayaƙi in ana ƙona shara mai roba a wuta marar ƙarfi. Sayen babban inji na zamani ya fi ƙarfin aljihun garin. Tura shara zuwa wata jaha mai nisa don a ƙona kuwa, kuɗinsa ya yi yawa. Abin da ya rage wa majalisar shi ne ta rage yawan abin da ake kira shara tun daga gida.

Yadda suka bi da lamarin

Da ragowar abinci aka fara, domin shi ne mai nauyi, mai ruwa, mai wari, kuma shi ke ɓata duk abin da ya taɓa. Tun 1991 majalisar ta soma taimaka wa magidanta su sayi mazubin yin taki. A 1995 ta ƙara da injin yin taki mai aiki da lantarki, magidanci ya biya yen 10,000, hukuma ta cika sauran. Sannu a hankali kusan kowane gida ya koma mai da ragowar abincinsa taki don lambu da gona, har ya zama wurin tara sharar gari ba ya karɓar ragowar abinci ko kaɗan.

Sauran kayan kuma aka shiga rarraba su. A 1997 kashi 9 ne, a 2002 suka zama 34, a 2016 suka kai 45. Wannan adadi shi ke ba baƙi mamaki, amma hikimar tana wani wuri. Ma'aikatan majalisar ba su ƙara kashi don ado ba. Sai sun nemo masana'antar da za ta karɓi wani irin kaya ta sake sarrafa shi, sannan su ware masa mazubi. Shi ya sa gwangwanin alminiyam ke da wurinsa dabam da na ƙarfe, farar kwalba dabam da mai launi, jarida dabam da kwali. Kayan da aka ware da kyau suna da mai saye, waɗanda aka cakuɗa kuwa sai an biya kafin a ɗauke su.

Wurin tara kaya guda ne a garin duka. Kowane magidanci yakan wanke gwangwani da kwalba da roba a gida, ya shanya, ya kai da kansa. Akwai ma'aikata a wurin masu nuna wa mutum inda kowane abu yake shiga. A bisa kowane mazubi an kafa allo mai bayanin inda za a kai kayan, abin da za a ƙera da su, da kuɗin da gari zai samu ko zai biya a kan kowane kilo. Tsofaffin da ba su da halin zuwa, ana bin su gida sau ɗaya a wata biyu a ɗauko musu. A gefe kuma akwai shago da suke kira Kuru-kuru, wato abin da ke zagayawa: mai tufafi ko kwanuka da ya daina amfani da su ya ajiye, mai bukata ya ɗauka kyauta.

A watan Satumba na 2003, zamanin magajin gari Kazuichi Kasamatsu, majalisar Kamikatsu ta zama ta farko a Japan da ta yi shelar cewa tana nufin daina ƙona shara da binne ta baki ɗaya kafin shekara ta 2020. Da wa'adin ya cika, garin yana sake sarrafa kimanin kashi 80 cikin 100 na shararsa, a lokacin da Japan gaba ɗaya ke wajen kashi 20. Burin bai cika ba, kuma majalisar ba ta ɓoye ba. Abin da ya gagara shi ne kayan da tun daga masana'anta aka yi su don a yar: ƙunzugun yarwa na jarirai da tsofaffi, takalma, da kayan da aka manne roba da takarda da ƙarfe yadda ba su rabuwa. A shekarar ta 2020 aka buɗe sabon wurin tara kaya, aka kuma sa sabon wa'adi zuwa 2030.

Abin da ba ya kwaikwayuwa, da abin da yake yiwuwa

Mai karatu zai iya cewa ina Japan ina Nijar, kuma maganarsa tana da hujja. Mutumin Kamikatsu yana da motar kansa da zai kai kaya, yana da famfo a ɗaki, ƙasarsa cike take da masana'antu. Garin duka bai kai unguwa guda ta Maraɗi ko Damagaram yawan jama'a ba. Babu mai hankalin da zai ce wa matar da ke sayen ruwa jarka jarka ta wanke gwangwanin tumatir kafin ta yar, ko ta raba shararta kashi 45. Ko a can ma akwai masu kukan cewa aikin ya yi yawa, musamman tsofaffi.

Amma in an duba abin da ke cikin kwandon sharar gidan Bahaushe, za a ga aikin nan ya fi na can sauƙi. Mafi nauyinsa rairayi ne da tsintsiya ta taro a tsakar gida, sai toka, kashin dabbobi, kara da ganye. Ragowar tuwo da dusa ba su cika kaiwa juji ba, awaki da kaji sun riga sun cinye. Duk wannan taki ne. Tun kaka da kakanni manoman kewayen gari ke kwasar juji a kan jakuna suna kai wa gona da rani. Ɗora rairayi a babbar mota, a ƙona mai a kai shi bayan gari, asarar kuɗin jama'a ce.

Masu sayen tsofaffin kaya kuma, waɗanda ma'aikatan Kamikatsu suka sha wahalar nema, a nan suna bakin ƙofa. Duk wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narkar da alminiyam a zuba tukwane da ludaya, a yanka tsohuwar ganga a yi murhu da akwati. Tsohuwar taya tana zama takalmi da guga. Ƴan jari-bola suna yawo unguwa unguwa suna sayen ƙarfe da tsohuwar roba, masu zoɓo da kunun aya suna neman goruna. Wannan sana'a ta daɗe tana rage wa hukuma kaya ba tare da an biya ta ko dala ba, kuma sau da yawa kora ce ladanta.

Abin da ya ɓata wannan tsohon tsari shi ne leda, da tsohon batur, da fasasshiyar kwalba. Da suka shiga juji, manomi ya fara gudun takin gari, domin leda tana hana ruwa shiga ƙasa, tana shekara da shekaru ba ta ruɓe ba. Mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin tumaki da shanu. Saboda haka kashi uku sun isa a fara da su: abin da zai tafi gona, abin da ake sayarwa, da abin da ba shi da mai so. Kowace uwargida za ta iya wannan da kwando da buhu biyu.

Aikin da ke kan ma'aikatar magajin gari

Rarrabawa a gida ba ta da amfani in a bakin titi za a sake haɗa komi wuri guda. Nan ne aikin hukuma yake. Kowace unguwa tana bukatar fili guda da aka killace, da mai tsaro wanda ake biya a kan kari, domin jujin da ba shi da mai kula ba ya daɗewa bai koma kamar na da ba. Ɗaukar kaya daga gidaje zuwa filin aikin amalanke ne, wanda ba ya shan mai, kuma maƙerin gari ke gyara shi. Motar da ake da ita, in akwai, a bar mata kashi na uku kaɗai, wanda shi ne mafi ƙaranci.

Kafin a ce wa jama'a su rarraba, magajin gari ya zauna da ƙungiyar manoma da masu lambu, da maƙera, da ƴan jari-bola, a san wa zai ɗauki me, a wace rana, a kan nawa. Tun ran gini ran zane. In aka fara da shela kafin a shirya masu ɗauka, mutane za su ga wahalarsu ta tafi a banza, kuma jawo su karo na biyu ya fi na farko wuya.

Allon nan na Kamikatsu shi ne abu mafi arha a tsarin duka, kuma babu abin da ya hana a kafa irinsa gobe. Mutane suna nauyin biyan lanho da kuɗin tsabta saboda ba su ganin inda kuɗin ke shiga. A rubuta da Hausa, a ƙofar ma'aikata da bakin kowane fili: abin da aka tara a wata, abin da aka biya masu amalanke, abin da aka samu a sayar da taki. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci za su karanta wa sauran, kuma su ne suka fi dacewa da riƙe littafin lissafin unguwa tare da mai unguwa. Hukumar da ta nuna lissafinta ta fi samun bakin neman kuɗi.

Aikin gayya yana da darajarsa. Samariya ta share tituna da kasuwanni a zamaninta, har yau kuma matasa da ƙungiyoyin mata suna fitowa da tsintsiya in an yi kira. Sai dai gayya ta yini guda ce, shara kuwa kullum ake yin ta. Garin da ya dogara ga gayya kaɗai zai yi tsabta ranar da baƙi za su zo, bayan mako guda ya koma gidan jiya.

Akwai kuma abin da ya kamata a bari tun yau, wato cinna wa juji wuta da magariba a tsakiyar gidaje. Japan ta rufe injinan da aka saya da kuɗi saboda gubar hayaƙinsu. Juji mai leda da roba da ke ci a hankali cikin dare ya fi waɗannan injina muni, kuma yara da tsofaffi ne ke kwana suna shaƙa.

Inda ƙarfin gari ya tsaya

Kashi 20 ɗin da ya gagari Kamikatsu yana nuna cewa akwai sharar da ba a maganinta a juji, sai a inda ake yin ta da inda take shigowa. A Nijar wannan ita ce baƙar leda. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 aka kafa dokar da ta hana yin leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, amma duk wanda ya sayi barkono na dala biyar ya san a cikin me ake ƙulla masa. Magajin gari ba shi da iko da kan iyaka, wannan aikin gomnati ne da ma'aikatan duwan. Abin da yake hannunsa shi ne kasuwar garinsa da tasharsa. Zai iya zama da sarkin kasuwa da sarkin fawa a sa lokaci, a ba masu saƙar kwando da masu ɗinkin jaka wuri a bakin kasuwa, yadda mai cefane zai sami abin zuba kaya kafin a raba shi da leda.

Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, da dokar da ta tsara ayyukansu a 2010, tsabtar gari tana wuyan hukumar gari. A watan Afrilu na 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisu aka naɗa masu riƙo, amma nauyin bai tashi daga ma'aikatar ba. Ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujera ko naɗaɗɗe, shi jama'a za su tambaya ranar da ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakuna.

Mutanen Kamikatsu sun ɗauki kusan shekara ashirin daga kashi 9 zuwa kashi 45, kuma da rashin kuɗi suka fara. Ƙaramin gari a jahar Tawa, ko Maraɗi, ko Damagaram zai iya zaɓen unguwa guda a wannan rani, ya killace fili, ya ɗauki amalanke biyu, ya kafa allo. In damana ta faɗi, magudanun ruwan unguwar da gonakin da suka sami takinta za su nuna wa sauran unguwanni ko abin ya cancanci a bi.