"Wane Littafi Zan Karanta?": Bashin da Ke Kan Ɗaliban Hausa

A hutun da ya wuce na je gida Madobi, na tarar ana tsakiyar aikin rani. Wata rana da la'asar ina zaune a ƙofar gida, sai Baffana, watau ƙanen mahaifina, ya dawo daga gona. Ya jingine kekensa, ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, tun da an ce Hausa kake karantawa a jami'a, wane littafi za ka ba ni in riƙa dubawa da dare?" Ban yi wata-wata ba na ce, "Baffa, ai sai Magana Jari Ce." Ya yi murmushi ya ce ya sauke shi, na ɗaya har na uku, tun ban zo duniya ba. Na ce Ruwan Bagaja, ya ce shi ma haka. Na ambaci Ganɗoki da Shaihu Umar, ya ce, "Duk mun gaisa da su." Daga nan bakina ya mutu. Shekara uku ke nan ina Sashen Hausa, amma manomi ya tambaye ni littafi na kasa ba shi ko guda wanda bai sani ba.

Wannan kunya da na sha ita ta sa na ɗauki alƙalami. Abin da nake so in faɗa wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne, nuna wa mutum littafin da ya dace da shi aiki ne daga cikin ayyukanmu, kuma a nawa ganin mun yi sakaci da shi ƙwarai. Muna koyon yadda za mu feɗe littafi, mu fitar da jigo da salo da zubi da tsari, amma ba mu koyon yadda za mu haɗa shi da mai karatu, alhali kuwa domin mai karatun aka rubuta shi.

Laifin ba na littattafan da na ambata wa Baffa ba ne. Tun daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, su ne harsashin ƙagaggun labaranmu na boko, babu mai musun haka. Illa dai mun mayar da su kamar su ne farko su ne ƙarshe. Su ake yi wa jarrabawa tun daga sakandare, su muke sake tararwa a jami'a, saboda haka su ne kawai ke kan harshenmu. Rubutun Hausa kuwa bai tsaya a 1934 ba. Hukumar NORLA ta buga nata a shekarun 1950, kamfanin NNPC na Zariya ya ɗora daga 1966, sa'an nan daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Yau ga labarai nan a cikin waya, ana tura su ta WhatsApp babi bayan babi. Littafi ya yawaita, mai nuni ne ya yi ƙaranci.

Mu da muka tashi a maƙwabtan Kura da Bunkure mun san wani abu game da ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa yake kwance a can, amma ba tarinsa ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir ba. Sai ya bi babban kanal, ya shiga ƙananan magudanu, sa'an nan wani ya sa hannu ya buɗe masa bakin gona. In magudana ta toshe, shuka sai ta ƙone, ko da dam ya cika ya batse. To, ɗakunan karatunmu na jami'a su ne dam. Mu ɗalibai da muke zuwa gida kowane hutu mu ne magudanun, kuma da yawa daga cikinmu a toshe muke.

Abin mamaki, waɗanda ba su taka jami'a ba sun fi mu iya wannan aiki. Matar yayana, wadda iyakarta aji uku na sakandare, ta fi ni sanin marubutan yanzu nesa ba kusa ba. Ita da maƙwabtanta suna da nasu tsari: wadda ta gama littafi sai ta aika wa 'yar'uwarta da shi, tare da bayanin ko na kishi ne, ko na auren dole, ko na ban dariya, da kuma ko ya kamata budurwa ta karanta. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Ai ba kowa ake ba kowane ba, ɗan boko. Abincin wani gubar wani." Wannan magana ita ce ainihin ilmin ba da shawarar littafi, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A karatun zaure malami ba ya ɗora wa ɗalibi Risala ranar farko. Sai ya bi da shi ta Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, yana duban ƙarfinsa kafin ya ce masa ga na gaba. Haka kuma a ƙarni na 19 Nana Asma'u ta riƙa ba jajis waƙoƙinta suna kai wa matan ƙauyuka. Ashe kakanninmu sun san cewa rubutu ba ya kai kansa.

Da na natsu bayan na komo makaranta, sai na ga ashe amsar Baffa tana nan birjik, rashin tunani ne kawai ya hana ni. Dattijo irinsa mai son labarin mazan jiya, ga Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. In waƙa yake so, ga Infiraji ta Aliyu Namangi, ga Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu, ga Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja. Saurayin da ya ƙosa ya bar gona ya tafi birni, a miƙa masa Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Yaron da ke yawan tambaya a kan wata da taurari, a ba shi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Mai son jin yadda 'yan fasa-ƙwauri ke cin karensu ba babbaka, ga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. 'Yan makarantar da ke neman wasan da za su yi ranar taron iyaye, ga Uwar Gulma na Mohammed Sada. Mai son labarin so da zaman aure, ga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid wanda ya fito a 1980, ga kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu na 1990, wanda har aka fassara shi zuwa Turanci a 2012. Kada kuma mu ɗauka karatu ya tsaya a kan adabi. Manomin da tsutsa ta cinye wa tumatir a 2016 ya fi bukatar takardar da za ta gaya masa yadda zai kare gonarsa, kuma masana aikin gona na Samaru sun daɗe suna rubuta irin waɗannan da Hausa. Wa zai gaya masa akwai su in ba mu ba?

Na san wani zai ce yawancin abin da ake rubutawa yanzu ba shi da inganci, har wasu na ɓata tarbiyya, don haka bai kamata ɗalibin jami'a ya sa baki a ciki ba. Akwai gaskiya a cikin rabin maganar. Lalle na ga labaran da ba a kiyaye ƙa'idar rubutu a cikinsu ba, na kuma ga waɗanda ba zan so ƙanwata ta gani ba. Amma ina maganin? In muka kau da kai, ba a daina karantawa ba, mu ne dai muka fita daga cikin shawarar. Wanda ke son raba tsaki da tsakuwa dole ya sa hannu a cikin faifai. Kuma wanda bai karanta ba, ba shi da bakin yabo, ba shi da na kushe.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu. Na farko, wannan mujalla ta keɓe shafi a kowace fitowa, inda ɗalibi zai kawo littafi guda da ya karanta ba don jarrabawa ba, ya faɗi abin da ke ciki a taƙaice, da irin mutumin da ya dace da shi, da inda ake samunsa. Na biyu, malamanmu, Allah Ya ƙara musu daraja, su riƙa ba mu sunayen littattafan da su kansu suka ji daɗi, ban da na manhaja. Na uku, duk wanda ya je gida hutu ya tambayi mutanen gidansu abin da suke karantawa, ya rubuto ya kawo, domin neman shawara ba kasawa ba ne, matambayi kuwa ba ya ɓata. Na huɗu, mu yi wa kanmu doka: kada mu nuna wa kowa littafin da ba mu karanta ba, kada kuma mu amsa kafin mu tambayi mai nema abin da ya riga ya karanta da abin da ya fi so. Ga kuma wata 'yar ƙaramar doka da ta fi su wuyar kiyayewa, watau wanda ya ari littafi ya mayar, don rashin mayarwa ne ya sa masu littattafai suka koma kulle akwati.

Ni dai na fara biyan nawa bashin. Na samo Kano Ta Dabo Cigari na aika wa Baffa da shi, ya kuwa aiko cewa ya kusa gamawa, in tanadi na gaba. To, ɗan'uwa mai karatu, yanzu ni ne mai tambaya: dattijon da ya sauke wannan, wanne zan ba shi? Wanda ya sani ya taimaka ta wannan shafi. Allah Ya sa mu amfana da abin da muka karanta, Ya kuma sa mu amfanar da waninmu, amin.