Gyaran Gangar Auzinawa a Tokyo

Makarantar sakandaren Hibiya da ke birnin Tokyo, ƙasar Japan, ta gwamnati ce tun 1878, kuma sai haziƙi ke cin jarrabawar shigarta. A 1964 ɗalibanta 193 suka shiga Jami'ar Tokyo.

A 1967 hukuma ta ce za ta daidaita makarantu, ta hana yaro zaɓen makaranta guda, sai inda aka jefa shi. Masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. A 1993 ɗalibi ɗaya tak Hibiya ta tura jami'ar. Sai bayan an maido da zaɓi a 1994 ta farfaɗo.

Wa ya yi asara? Ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa. Adalci shi ne a ɗaga makarantar da ke baya, ba a durƙusar da ta gaba ba.