Kifi a Ruwa, Manhaja a Tudu

Muna aji huɗu na sakandare, a shekarar 2015, mataimakin shugaban makarantarmu ya shigo mana da takarda a hannu. Ya ce gwamnati ta wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki darasin sana'a guda ɗaya, sannan ya shiga karanto sana'o'in nan 34 da ke cikin manhaja: ɗinki, rini, jima, walda, gyaran wayar salula, ɗaukar hoto. Da ya zo kan kiwon kifi sai ajin ya kaure da sowa, domin da yawanmu da kuɗin kifi aka saya mana rigar makaranta. Ya jira muka yi shiru, ya ninke takardarsa, ya ce, "Na karanta muku ne don ku sani. Tallace-tallace za ku yi, shi ne muke da malaminsa." Malamin kuwa na Tattalin Arziki ne, an dai ƙara masa wani suna a jadawali. Daga tagar ajin nan ana hango jiragen masunta suna dawowa daga tafki.

Ba zan ambaci sunan makarantar ba, domin laifin ba nata ba ne ita kaɗai, kuma duk wanda ya yi karatu tsakanin Yelwa da Wara da Shanga zai iya sa sunan tasa a gurbin. Hujjata guda ce: abin da ake kira sauyin manhaja a Abuja, kafin ya iso gaɓar Tafkin Kainji ya riga ya koma sauyin suna. Ana canja abin da aka rubuta a saman allo, abin da ke shiga kan yaro yana nan yadda yake. Wanda yake biyan kuɗin wannan wasa kuwa shi ne ɗalibin da za a tambaya a ɗakin jarrabawa abin da ba a taɓa nuna masa ba.

Ba yau aka fara ba. A 1982 aka soma tsarin 6-3-3-4, da alkawarin cewa yaro zai fita daga ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. An sayo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu wanda ya iya kunna su. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato. A 2011 hukumar NERDC ta fito da sabuwar manhajar babbar sakandare mai ɗauke da sana'o'in nan 34, aka fara jarrabawa a kansu a 2014. Kowane sauyi da kyakkyawar niyya ya zo. Amma niyya ba ta riƙe alli.

Bari in faɗa wa mai karatu yadda makaranta take karɓar irin wannan sauyi, domin na gan shi ina ɗalibi, na sake ganinsa bayan na gama jami'a, lokacin da na koma gida ina koyarwa na sa-kai. Sanarwa tana fara zuwa ne ta rediyo ko ta WhatsApp, kafin takardar ma'aikata ta iso, wani lokaci bayan an riga an shiga zango. Shugaban makaranta ya kira taron malamai. Ba a tambayar me darasin ya ƙunsa, ba a tambayar wa ya karance shi. Tambayar ita ce, wa yake da sarari ranar Talata da Alhamis? Sai a duba wanda ya fi ƙarancin shekaru ko ƙarancin baki, mai hidimar ƙasa ko malamin da ƙungiyar iyaye ke biya, a ɗora masa. Shi kuma ya nemi littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ya riƙa kwafe amsoshi a allo yara suna kwafa. Idan jami'in duba makarantu ya zo, jadawali ya cika, littafin tsara darasi ya sha sa hannu, rahoto ya tafi Birnin Kebbi cewa an aiwatar. Babu wanda ya yi ƙarya a takarda, kuma babu wanda ya koyi kome. Na san abokai a wata makaranta da suka yi shekara uku suna darasin sarrafa bayanai a kwamfuta, malaminsu yana zana musu madannai da alli. Sun ci jarrabawar ma, wanda shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

A 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da wata sabuwar manhaja. Adalci shi ne in ce akwai alheri a cikinta: an rage yawan darussan da ke danne yara, an ba Tarihi matsayinsa a ƙananan azuzuwa, an kuma yarda a fakaice cewa sana'a 34 almara ce. An mayar da su shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Noman lambu ya dace da ƙasar da albasarta ta yi suna a kasuwannin Nijeriya, wannan na yarda. To amma mai karatu ya sake duba jerin. Ina kifi?

Wannan yanki ne na Sarkawa da Gungawa, inda yaro ɗan shekara goma yake bambance kurungu da tarwaɗa da ƙarfasa tun daga motsin ruwa, inda bikin Rigata yake tara jama'a don a ga gwanintar tuƙi da ninkaya. A Sabuwar Busa, a bakin wannan tafki dai, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, akwai kuma kwalejin tarayya ta koyar da fasahar kiwon kifi. Ilimin yana nan a tsallake, masu bukatarsa suna nan a gaɓa, amma shekara goma sha huɗu da darasin ya yi a takarda ban ga an gina gada tsakaninsu ba. Yanzu kuma an ɗauke shi daga jerin sana'o'i. Mai kare manhaja zai ce ai ana iya taɓo kifi a cikin Aikin Gona. Haka ne, babi guda a cikin zango guda. Masunci da ke kukan kamu yana raguwa ba babi guda ɗansa yake bukata ba. Yana bukatar ya san yadda ake ƙyanƙyasar kifi, yadda ake haɗa abincinsa, girman idon komar da ba ta kwashe 'ya'ya, da yadda ake banda ba tare da an ƙare itatuwan daji ba. Wani kuma zai ce manhajar ƙasa dole ta zama ɗaya domin takardar shaida ta zama ɗaya. Lissafi da Turanci, na yarda. Amma sana'a ba ta da ma'ana sai a inda ake cin abinci da ita.

Sai batun jarrabawa. An umarci WAEC da NECO su koma yin jarrabawa da kwamfuta zuwa 2026, har Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta. A nan ne abin yake zama kamar ba'a. An kammala Madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane sama da 40,000 daga gidajensu da tsibiransu domin ƙasa ta sami wutar lantarki. Jikokin waɗannan mutane su ne suke karatu da fitilar waya a yau, su ne kuma ake cewa su zauna gaban kwamfutar da wasunsu ba su taɓa taɓawa ba, su yi gasa da ɗan Legas. Idan aka ce a kai su cibiya a wani gari, a tuna wace hanya za su bi. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara da mutane masu yawan gaske. Ranar 17 ga Yunin shekarar, 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan ba su dawo ba sai a 2023. Uban da ya ga waɗannan abubuwa biyu, in ya yi jinkirin tura 'yarsa tafiyar jarrabawa, ba jahilci ba ne.

Ba na wanke mu. Shugaban makarantar da ya san ba shi da malami amma ya rubuta an aiwatar, ya taimaka wajen rufe ciwon da ya kamata a gani. Malamin da ke zuba makin gwajin zango daga kansa a daren da za a tura sakamako, shi ma haka. Iyaye kuma, da yawa takarda suke so, ko ta wace hanya ta fito, shi ya sa cibiyoyin satar amsa ba su rasa ciniki. Mu da muka yi digiri muka tsere birane ma muna da kaso. Amma wanda ya aiko da umarni ba tare da kayan aiki ba shi ya fara koya wa na ƙasa yin ƙarya.

Abin da nake nema bai kai kuɗin taron ƙaddamarwa guda a babban otal ba. Duk sabuwar manhaja ta fara daga aji huɗu ta hau da yaran, kada a sauya wa ɗan aji shida darasi ana saura watanni ya shiga jarrabawa. Kada a rubuta sunan darasi a jadawali sai an ga malaminsa da kayan aikinsa da ido, kuma a ba shugaban makaranta damar rubuta "ba mu shirya ba" ba tare da an yi masa canjin wurin aiki na horo ba. A bar gurbi guda a jerin sana'o'i wanda jiha za ta cika da abin da ƙasarta ke ci. Kebbi mai Argungu da Yauri ba sai an gaya mata abin da za ta sa ba. Masarautar Yauri tana da sarki, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Murya irin tasa in ta haɗu da ta ma'aikatar ilimi, ba wuya a sa malaman Sabuwar Busa su riƙa tsallakowa lokacin hutu suna horar da namu.

Ƙanena yana aji huɗu bana. Na tambaye shi wace sana'a aka ba su, ya ce gyaran waya. Na ce wa ke koyarwa? Ya ce malamin Lissafi, amma ya yi musu alkawarin zai kawo tsohuwar wayarsa su buɗe, in an sami sukundireba.