Kowa Da Kiɗan Da Ya Karɓe Shi, Amma Wa Ke Biyan Makaɗi?

Duk wanda ya tsaya a rumfar masu tura waƙoƙi cikin waya a kasuwannin Kano zai ga abin lura. Dattijo ba ya tambayar kowa sai Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Musa Ɗanƙwairo, ko kuwa Ɗanmaraya Jos mai kuntigi. Iyayenmu mata sun fi karkata ga begen Annabi da amadar Barmani Coge. Masu shirin biki Ado Gwanja da Ali Jita suke nema. Samari da 'yan mata kuwa, in ba waƙoƙin soyayya na su Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker ba, to, sai na Indiya.

Wannan bambanci ba aibi ba ne, gama kowane zamani da makaɗansa. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen biya. A zamanin faifan garmaho, ma'aikaci yakan ware wani abu daga albashinsa ya sayi waƙar da yake so. Da kaset ya zo sai kwafi ya yawaita. Yau kuwa ɗalibi yakan ba mai turi 'yan kuɗi a cika masa waya, ko ya karɓa wurin aboki kyauta, alhali ko kwabo ba ya kai ga mawaƙin.

Illar wannan iri biyu ce. Ta farko, mawaƙin da masu saurare ba su ciyar da shi ba, tilas ya koma ƙofar ɗan siyasa, sa'an nan harshensa ya zama na wanda ya biya. Ta biyu, masu neman waƙoƙin dattawa kullum raguwa suke yi, kasa-kasan da ke ɗauke da su kuwa suna lalacewa cikin akwatuna.

An sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, amma doka a takarda ba ta cika tumbin makaɗi. Wajibi ne hukuma ta tsara yadda masu turi za su riƙa ba mawaƙa rabonsu, gidajen rediyo da jami'o'inmu kuma su tattara tsofaffin waƙoƙi su adana tun kafin su salwanta.

Mu kuma ma'aikata da ɗalibai, maza da mata, in muna son waƙa ta faɗi gaskiya, sai mu sa hannu a aljihu. Allah ya sa mu gane.