Sanarwar Bayan Taro Kan Baƙi Marasa Takardu a Asibitoci da Makarantun Jibiya

Ƙungiyarmu ta ma'aikatan lafiya, unguwarzoma da malaman makaranta ta yi zama a Farfaru, ƙaramar hukumar Jibiya, kan halin baƙi marasa takardu, akasarinsu 'yan'uwanmu na Ɗan Isa, Madarumfa da Maraɗi da ke Nijar.

Abin da ya fi tayar wa mahalarta hankali shi ne tsoro. Mai naƙuda ta gwammace ta haihu a ɗaka, uwa ta ɓoye ɗanta ranar rigakafi, duk don gudun kada a ce "ina takardarki?" a tasa ƙeyarta zuwa shingen iyaka na Magama. Ƙyanda da shan-inna kuwa ba ruwansu da shinge. Yaron da aka ɓoye a Farfaru, na Jibiya da na Maraɗi ne za su kwana a ciki.

Taron ya tunatar cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin ba kowa kulawar gaggawa, ko da wane dalili. Haka nan, ko da Nijar ta fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su bar 'yan Nijar su ci gaba da shiga da zama kamar yadda yarjejeniyarta ta zirga-zirga ta 1979 ta tanada. Kuma ba mu manta ba: tun 2019, dubban mutanen Katsina, Zamfara da Sakkwato da 'yan bindiga suka kora, jihar Maraɗi ce ta ba su masauki da magani.

Saboda haka mun tsayar cewa babu mambanmu da zai miƙa rajistar majinyata ko ta ɗalibai domin farautar baƙi. Muna roƙon Hukumar Shige da Fice ta yi aikinta a bakin iyaka, ta nisanci harabar asibiti, makaranta da wurin rabon tallafi. Gwamnatin Jihar Katsina kuma ta fitar da umarni a rubuce cewa rashin takarda ba ya hana gado a asibiti ko gurbi a aji, tunda 'yan ƙasa da yawa a ƙauyukanmu ma ba su da takardar haihuwa ko lambar NIN.

Masu unguwanni da limamai su sanar da wannan matsaya a masallatai da ranar kasuwar Jibiya.

Sa hannu:
Sakatare, a madadin ƙungiya