Rumbu a Gida Ya Fi Rumbu a Gajimare

A watan Maris na 2024 wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka yanke, aka yi kwanaki ana lalube. A watan Oktoba na shekarar, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu. Da 2025 ta kama kuma, hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Duk wanda ya ajiye karatunsa da kallonsa a intanet kaɗai, sau uku ke nan ana tuna masa cewa makullin rumbun ba a hannunsa yake ba.

Don haka nake ganin malamin jami'a ko lauyan da ke zaune a Kongo ya fi takwaransa na Landan buƙatar uwar garke a gida. Sunan ne mai nauyi, abin kuwa ba wuya: kwamfuta guda ce da ake bari a kunne, a haɗa ta da faifan ajiya da na'urar Wi-Fi, duk waya da talabijin na gidan su riƙa ɗebo abin da ke cikinta ba tare da an taɓa data ba. Tunanin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Shagon mai tura fina-finai a Tudun Wada uwar garke ce, sai dai da ƙafa ake zuwa wurinta.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne kwantena. Tun da manhajar Docker ta fito a 2013, ana iya naɗe kowace manhaja da duk kayan da take buƙata a ƙunshi guda, kamar yadda ake rufe kaya a kwantenar jirgin ruwa, ba ruwan wannan da waccan. A ɗaya ka sa Jellyfin, manhajar kyauta da ke jera bidiyo da sauti ta miƙa wa wayoyin gida. A wata ka sa Kiwix, wadda ke buɗe Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba. Bayanin tsarin duka yana cikin gajeren fayil ɗaya. Idan kwamfutar ta mutu, ka ɗauki fayil ɗin da faifan ka kai wata, cikin awa guda komai ya dawo mazauninsa. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Masu rubutu daga Turai kan ba da shawarar ƙaramar na'urar Raspberry Pi. Ni tsohuwar laftof na fi so, irin wadda allonta ya tsage aka jefa ƙasan gado, domin da batirinta take zuwa, kuma cin wutarta bai kai na ƙwan fitila irin na da mai wat 60 ba. Ƙaramin sola ya ishe ta. Abokan gabarta biyu ne, ƙurar hunturu da zafin bazara.

Inda na rabu da masu sha'awar harkar shi ne ɓangare na biyu, wato akwatin shuka: na'urar da ake bari dare da rana tana sauke fayiloli ta hanyar BitTorrent, tana kuma raba wa wasu. An gina wannan al'ada ne a ƙasashen da ake biyan kuɗin intanet sau ɗaya a wata, a sha iya sha. A nan kowace gigabayit da ka aika wa baƙo daga aljihunka ta fita. Bugu da ƙari, layukan waya kan haɗa ɗimbin masu hulɗa a kan adireshi guda, don haka da wuya na waje ya iya ƙwanƙwasa ƙofar na'urarka kai tsaye. Hayar irin wannan akwati a Holan ko Faransa kuwa da kuɗin waje ake biya.

Ko da kuɗin ba matsala ba ne, akwai maganar haƙƙi. A Kongo ne Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take, inda ake koyar da dokoki irin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma zai zama abin kunya a ce daga bayan katangarta ake raba fim ɗin da mai shi bai mai da uwar kuɗinsa ba. Mun ga yadda satar fasaha ta taimaka wajen karya kasuwar faifan Kannywood, har masu shirya fim suka koma dogaro da YouTube da tashoshi irin Arewa24. Fasahar BitTorrent ita kanta ba laifi ba ce. Da ita ake raba Linux da dubban littattafan Internet Archive da haƙƙinsu ya zama na kowa. Wanda yake da wadatar data ya shuka waɗannan.

Amma abin da ya fi cancantar faifanka ba a intanet yake ba tukuna. Kaset-kaset ne na tafsirin malaman Zazzau da ke ruɓewa a kwali, da laccocin da aka ɗauka da waya aka manta, da bidiyon hawan Sallah, da muryar kaka tana ba da tarihin gida. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ana iya karanta ta yau saboda wasu sun adana takarda. Saƙon muryar da aka turo ta WhatsApp bara kuwa, da satar waya ɗaya ya tafi.

Faifai ma mutuwa yake yi, musamman wanda wuta ke yanke wa aiki a tsakiya. Saboda haka a sayi biyu. Ɗaya ya zauna jikin na'urar, ɗayan a kwafe masa komai duk ƙarshen wata, a kai shi gidan ɗan'uwa a Samaru ko cikin birni.