Ƙarancin likitoci: Shin nas masu digiri na biyu za su iya cike giɓin a Bagudo?

Idan zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare a Lolo ko Tsamiya, garuruwan da ke bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin a Ƙaramar Hukumar Bagudo, da wuya wanda zai fara duba shi ya kasance likita. Galibi nas ce, ko ungozoma, ko jami'in lafiya na matakin farko. In ciwon ya fi ƙarfinsu, sai a shiga neman kuɗin mota zuwa babban asibiti, wani lokaci har Birnin Kebbi, tafiyar sa'o'i.

Nauyin da ke kansu ba kaɗan ba ne. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi na ɗauke da ƙwayar cutar, adadi mafi yawa a Najeriya.

Likitoci kuwa ba su wadata ba. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce kimanin 55,000 ne ke kula da mutum fiye da miliyan 200, kuma da yawansu na manyan birane.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Amurka ta taɓa fuskantar irin wannan matsala a karkararta. A 1965, wata nas mai suna Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka buɗe wani kwas a Jami'ar Colorado domin koya wa nas duba mara lafiya da gano cuta.

Daga nan aka samu muƙamin ƙwararriyar nas ta iyali. Sai mai digirin jinya ta ƙara digiri na biyu ko na uku, ta yi ɗaruruwan sa'o'i tana duba marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, sannan ta ci jarrabawar lasisi. Bayan haka tana iya duba jariri da mai ciki da tsoho, ta tura gwaji, ta rubuta magani. A fiye da rabin jihohin ƙasar ma ba ta buƙatar sa hannun likita.

Tsarin bai tsaya ga ƙasashe masu arziki ba. Botswana ta fara horar da irin waɗannan nas tun 1981, saboda asibitocin ƙauyukanta da ba su da likita.

Ina Najeriya ta tsaya?

A 2014 Najeriya ta amince da manufar miƙa wasu ayyukan likitoci ga nas da ungozoma da jami'an lafiya na matakin farko. Akwai kuma digiri na biyu a fannin jinya a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya.

Sai dai har yanzu tsarin aikin gwamnati bai ware muƙamin nas ta iyali mai cikakken ikon duba mara lafiya da rubuta magani ba. Wato nas a Kaoje ko Illo na iya yin aikin saboda larura, amma babu horo mai zurfi da aka tanadar mata domin sa, babu dokar da ta fayyace iyakarta, babu kuma albashin da ya dace da nauyin.

Likitoci da dama na ɗari-ɗari da ƙara wa nas iko, suna tsoron kuskure wajen gano cuta. Damuwar tana da tushe, amma barin aikin ba horo ba ƙa'ida ya fi haɗari.

Tsoron a horar wa wasu

Babbar barazanar ita ce ficewa. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta ce a farkon 2024 nas kusan 42,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara uku. Digiri na biyu ba tare da matsayi da albashi ba zai iya zama tikitin zuwa Ingila kawai.

Shi ya sa zaɓen wanda za a horar yake da muhimmanci. Yarinyar da ta tashi a Bagudo, ta yi Kwalejin Jinya ta Birnin Kebbi, tana jin Hausa da Fulatanci ko Dandanci, ta fi baƙuwa yiwuwar zama. Ita ce kuma za ta fahimci majinyacin da ya tsallako daga Segbana ta ɓangaren Benin, domin a wannan yanki dangi da kasuwa sun haɗa ɓangarorin biyu.

Samar da muƙamin da dokarsa aikin gwamnatin tarayya ne da hukumar jinya. Amma ɗaukar nauyin karatu, da yarjejeniyar komawa gida a yi wasu shekaru ana aiki, da gidan kwana, da alawus na zaman karkara, duk suna hannun gwamnatin Kebbi, kuma ba sai ta jira Abuja ba.